Hatimin Ustaz Fikri a Bayan Mai Tsaron Gida

A duk unguwarmu ta Shubra babu wanda ya san takarda kamar Ustaz Fikri Abul-Magd. Shi ya faɗa, kuma kullum sai ya maimaita. Shekara talatin da huɗu ya yi a wani ofishin ajiyar takardu yana buga hatimi, har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Da ya yi ritaya, hannun ya ƙi yin ritaya. Sati bai cika ba ya je aka sassaƙa masa hatimin kansa, da sunansa a tsakiya, a gefe kuma an rubuta "An duba, an tabbatar." Ya buga shi a takardar kuɗin wuta, ya buga a takardar likita, ya buga a littafin girkin matarsa Ummu Tamir, har sai da ta yi rantsuwar jefa shi a tukunyar wake.

Ni ce Afaf, mai shagon kwafin takardu da ke manne da gidan shayin layinmu. Katako ne ya raba mu, don haka duk ƙaryar da aka yi a can sai ta bi ta kunnena kafin ta fita titi. Ina da injin kwafi, ina da injin zafi na manne takarda a leda, kuma rabin abincina daga aljihun Ustaz Fikri yake fitowa, don bai taɓa riƙe takarda bai yi mata kwafi uku ba.

Abu ɗaya ne ya fi hatimi daraja a wurinsa, tantabarunsa. Guda arba'in, a hasumiyar katako a saman gidansu, kuma a cikinsu akwai Sultana, fara mai jan wuya, wadda yake ba ta abinci a tafin hannunsa. A tsallaken titi akwai hasumiyar Mu'allim Bayyumi mai gidan gasa nama. Shekara ashirin suna sakin tsuntsaye da yamma kowa yana ƙoƙarin janye na ɗan'uwansa a sama, kuma Sultana kaɗai ta sauko da goma sha ɗaya na Bayyumi. Bayyumi ya yi tayinta ya fi a ƙirga, Ustaz yana ce masa ya je ya ci gaba da fifita gawayi.

Ran Litinin Injiniya Ramzi ya zauna a gidan shayi. Ɗan unguwa ne da ya yi arziki a ƙasashen Larabawan mai, ya zo hutu, ana ce masa Basha don girmamawa. Ya ciro wani littafi mai aljihunan leda cike da katunan 'yan ƙwallo, irin waɗanda ake sakawa a cikin cingam muna yara. Guda sittin ne jerin, yana da hamsin da tara. Gurbi ɗaya ne fayau, na mai tsaron gida Subhi Gazal, wanda ya yi faɗa da masu cingam ana tsaka da bugawa aka dakatar da nasa.

"Bakwai aka sani sun rage a duniya," in ji Ramzi. "Duk wanda ya kawo min mai lafiya kafin in koma ran Asabar, fam dubu ɗari biyu, a hannu."

Ustaz Fikri ya ajiye kofinsa. "Kwalin cingam fa kake nufi, Basha? Wanda muke liƙawa a tayar keke?"

"Shi fa."

"To ai takarda ce. In dai takarda ce, an zo gidana. Ni da ido a rufe nake gane shekarar da aka buga takarda, da hanci kawai."

"Da hancin ne ka shinshino takardar fanshonka da ta ɓata wata shida a teburinka?" in ji Bayyumi daga bayan hayaƙin shisha.

"Kai dai ka san hanta da ƙoda, Mu'allim. Bar wa masu ilimi maganar ilimi. Injiniya, ran Juma'a bayan an sauko, ka zo nan wurin da kuɗinka."

A yammacin ya buga wa ɗansa Tamir waya a Bur Sa'id, ya sa shi bincike. Tamir ya gano wani mai shagon irin waɗannan katuna a unguwar Ma'adi, Wa'il, wanda katin ya faɗo hannunsa daga kayan gadon wani tsoho, yana neman dubu tamanin. Tamir ya ƙara da cewa, "Baba, don Allah kada ka shiga abin da ba ka sani ba," amma kafin ya kai ƙarshe an kashe wayar.

Saura kuɗi. Fansho yana hannun Ummu Tamir, kuma ko barci take yi ba ta sakinsa. Ran Talata da safe sai ga Ustaz da Bayyumi a shagona, abin da ban taɓa gani ba, su biyu a inuwa ɗaya. Sun daidaita a kan Bayyumi zai ba shi dubu casa'in, ya riƙe tantabaru arba'in har da Sultana a matsayin jingina. In Ustaz ya dawo da kuɗin kafin la'asar ɗin Juma'a, ya kwashi abinsa. In la'asar ta yi, sun zama na Bayyumi.

"Ba sai an rubuta ba," in ji Bayyumi. "Mu gaisa kawai, maza ne mu."

"Gaisuwa a wane fayil ake saka ta? Madam Afaf, ba ni takarda."

Ya cika shafi biyu. Bayyumi ya saurara yana sosa ciki, sannan ya ce, "To in bayan Juma'a wata ta gudo gidanka fa? Ka san halinsu."

"Bayan Juma'a? Bayan Juma'a ina sayen hasumiyarka in mai da ita wurin shanya! Amma bari in rubuta maka, don zuciyarka ta kwanta." Ya rubuta yana karantawa da ƙarfi, don 'yan gidan shayi su ji ta cikin katako. "Duk wadda ta dawo, ni Fikri zan mayar da ita da hannuna, da rana, a gaban jama'a." Ya hura wa hatimi iska, ya buga. Ni na yi kwafi uku.

Ran Laraba ya ce sai na raka shi Ma'adi, wai ciniki ba ya inganta sai da shaida. Na rufe shago na bi shi, don ni ma ina son ganin kwalin da ya fi injina biyu tsada. A jirgin ƙasa ya koya min dabara. "Kallo kawai za ki yi. Zan kushe kayan har yaron ya roƙe ni in ɗauka a hamsin."

Wa'il ba yaro ba ne, mutum ne mai furfura a gemu da magana a hankali. Ya sa safar hannu ya ɗauko katin. Yana cikin wani gida na roba mai ƙarfi, garai-garai, a rufe ruf ta kowane gefe, a samansa da 'yar takarda da rubutun Turawa da lamba tara. Ga Subhi Gazal a ciki, da gashin baki kamar tsintsiya, ya rungume ƙwallo.

"Masu tantancewa a waje suka duba shi suka rufe," in ji Wa'il. "Maki tara cikin goma. Kusurwoyi huɗu lafiya, launi bai kwanta ba, hannu bai taɓa shi ba. Darajarsa ke nan."

Ustaz ya taɓe baki. "Tara? Wato bai ci jarrabawar duka ba ke nan. Hamsin."

"Tamanin, Ustaz."

"Dubi gashin bakin, ɓangare ɗaya ya fi tsawo."

"Haka Allah ya yi shi."

"Saurara, ɗana. Ni ba irin masu sayen da ka saba gani ba ne. Ina da mutum a ƙasa, injiniya, wanda zai biya ni dubu ɗari biyu jibi. Kana ganin mai irin wannan harka za ka yi wa wayo?"

Na taka masa ƙafa, amma maganar ta riga ta fita. Wa'il ya kalle shi, sannan ya jawo katin gabansa a hankali. "Ɗari biyu? To gaskiya na yi araha. Ɗari da ashirin."

Awa guda muka yi a nan. Ustaz ya yi fushi ya fita sau uku, sau ukun ba wanda ya kira shi. A ƙarshe ya zazzage dubu casa'in ɗin duka, ya ɗora agogonsa na ritaya a kai, aka rufe. Ya sa aka rubuta masa rasit, ya sa na sa hannu. Muna fita Wa'il ya biyo mu bakin ƙofa yana cewa, "Abu ɗaya, Ustaz. Kada ka buɗe robar. Ko gobara ake yi kada ka buɗe."

A jirgi Ustaz ya ce da ni, "Kin gani? Daga ɗari da ashirin na karyo shi."

Ran Alhamis da hantsi ya shimfiɗa hankici a teburin gidan shayi ya ɗora katin. Aka taru, har direbobin ƙananan motoci suka bar fasinja a ciki. Wani tsoho da ake kira Amm Girgis, wanda ya yi aiki a gidan waya, ya ɗaga robar yana juyawa.

"Wa ya sa hannu a nan, Fikri?"

"Turawa."

"Wane Bature? Ina sunansa? Ina hatimi? Ni dai ban ga ko tawada ba. In da a tagar ofishinku aka kawo maka wannan, za ka karɓa?"

Wannan tambaya ce ta kashe Ustaz Fikri. Na ga fuskarsa ta sauya. Shekara talatin da huɗu yana koro mutane saboda rashin hatimi, yau ga shi ya sayar da Sultana a kan takarda tsirara.

Na leƙo na ce, "Ustaz, ka tuna abin da mutumin ya faɗa."

"Mutumin da yake sayar da kaya a rufe, me kike jin yake ɓoyewa? Ma'aikacin ƙwarai ba ya tabbatar da abin da bai taɓa ba." Ya ɗaga kai sama ya ƙwala kira. "Ummu Tamir! Zuro min filaya!"

Ta leƙo daga baranda, ta zuro kwando da igiya. "Filaya tana wurin mai gyaran famfo. Ga taɓaryar tafarnuwa. Me za ka fasa kuma, Allah ya shirye ka?"

"Harkar maza ce."

"Harkar mazan ce ta sa rufinmu ya yi tsit tun shekaranjiya? Ina tsuntsayen?"

"Sun je ziyara!"

Bugu na farko robar ta ƙi. Na biyu ta tsage. Na uku ta tarwatse, wani ɓallin ya faɗa kofin Amm Girgis, kusurwar katin ta sama kuma ta lanƙwashe. Ustaz ya dube ta ya ce ƙaramin abu ne, ya aiko a ari almakashina. Na hana. Ya aro na wanzami. Ya datse kusurwar, sai ta bambanta da sauran, don haka ya datse ukun su ma. Ta huɗun ta zarce, ya sake zagayowa. Kafin ya gama, takalmin Subhi Gazal na hagu ya tafi.

"Yanzu ya yi fasali," in ji shi. "Ko katin shaida haka kusurwarsa take."

Daga nan kati ya shiga hannu. Kowa sai ya taɓa, kowa sai ya shinshina ko zai ji cingam. Mai gidan shayi ya karɓa da hannun da ya gama cin wake da mai, ya bar babban yatsansa a goshin mai tsaron gida. Ustaz ya zage shi tas, ya ciro kwalbar turaren lemo da yake yawo da ita, ya jiƙa hankici ya goge. Man ya fita. Gashin bakin ma ya bi shi, rabi guda, tare da gira ɗaya.

Bayyumi ne ya fara magana daga tsallake, yana wasa wuƙa. "Masha Allah, an yi masa aski! Wanzami, karɓi kuɗinka."

"Jahilci dai ciwo ne," in ji Ustaz, gumi yana bin wuyansa. "Wannan a ofis gyara muke ce masa." Ya ciro biro baƙi ya mayar da gashin bakin. Sai ɓangaren ya fi na da kauri, ya ƙara wa ɗayan don su yi daidai. Subhi Gazal ya koma kamar ɗan fashin da ake nema.

Sai ya juya bayan katin, ya hura wa hatimi iska, ya buga da dukan kafaɗarsa. An duba, an tabbatar. Ya sa hannu, ya sa kwanan wata. Ya ɗauko rasit ɗin Wa'il ya ɗinke shi da katin da ɗan injin ɗinke takardu, ƙusa biyu, ɗaya ta ratsa ƙwallon. Amm Girgis ya gyaɗa kai ya ce yanzu kam ya zama takarda.

Ya shigo shagona ya ajiye a kan tebur. "Manne min shi a leda, mai kauri."

"Ba zan yi ba."

"Takardar haihuwa kin manne min, ta aure kin manne min. Wannan da ya fi su tsada ne za a bari a buɗe ƙura ta ci?"

"Ustaz, in ya shiga injin nan ba ya fitowa har abada. Ka bar wa bawan Allah nan abin da ya rage masa."

"Madam Afaf, ke mai inji ce, ni masani ne. Kowa ya tsaya a tagarsa."

Raina ya ɓaci, na faɗa masa sai ya rubuta cewa shi ya tilasta ni. Ai kuwa kamar na yi masa kyauta. Ya rubuta, ya buga hatimi, ya nemi kwafi uku. Na zura katin ina kau da kai. Zafin injin ya narka tawadar biro, gashin bakin ya bazu har kunne. Har yau in na tuna sai in ji kamar da hannuna aka yi kisan kai.

Ran Juma'a bayan an sauko, ko a daurin aure ban ga taro irin wannan a layinmu ba. Ustaz ya sa kwat da taye. Mata sun cika baranda. Bayyumi ya jawo kujera gaba-gaba, kwafin yarjejeniya a aljihun rigarsa, yana duba agogo a fili don kowa ya gani. Injiniya Ramzi ya iso da jaka a hammata, ya sa safar hannu, ya ciro gilashin duba ƙananan abubuwa.

"Ajiye safar, Basha," in ji Ustaz. "Na sauƙaƙa maka. Yanzu ko a wanka ka shiga da shi." Ya zaro fayil, ya buɗe, ya tura masa.

Ramzi ya duba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Wane ne wannan?"

"Subhi Gazal mana."

"Subhi Gazal ya yi haɗarin mota ne? Ina ƙafarsa? Ina gidan robar?"

"Na cire shi, ba shi da hatimi. Juya baya ka ga aiki."

Ramzi ya juya. Ya karanta a hankali. "An duba, an tabbatar. Fikri Abul-Magd." Ya ɗaga kai. "Ustaz, maki nawa ne a jikinsa da ka saya?"

"Tara. Na cike masa ɗayan."

Injiniya ya dafe kai da hannu biyu. Wallahi na zaci kuka zai yi. "Shekara hamsin katin nan ya tsira daga yara, ya tsira daga ɓeraye, ya tsira daga matan gida masu shara. Kwana ɗaya ya yi a hannunka."

"To nawa za ka ba da? Ban hana ragi ba. Ɗari da tamanin."

"Ko kuɗin ledar ba zan biya ba."

"Leda mai kauri ce!" in ji Ustaz, ya juyo gare ni. "Madam Afaf, gaya masa!"

"Mai kauri ce," na ce, don gaskiya ce.

Dariya ta ɓarke tun daga teburan har baranda. Ramzi ya karanta lambar Wa'il a jikin rasit ɗin da ke ɗinke, ya buga a gaban kowa, ya buɗe murya. Wa'il ya ce ƙwarai, tsohon da ya rasu biyu ya bari, akwai ɗaya, mai maki takwas. Nawa? Dubu ɗari uku. "Wani dattijo ya gaya min ana nemansa ido rufe," in ji Wa'il. "Kuma in na fahimce ka daidai, yanzu shida suka rage."

Ramzi ya kashe wayar ya dubi Ustaz. "Ka lalata naka, ka kuma tsauwala min nawa." Ya ɗauki jakarsa ya tare mota.

"Fikri!" Muryar Ummu Tamir ce daga sama. "Ziyarar da tsuntsayen suka je, yaushe za su dawo?"

Daidai nan ladan ya kira la'asar. Bayyumi ya miƙe, ya ciro takardarsa ya sumbace ta, ya ɗaga wa jama'a. "An duba," in ji shi. Gidan shayi gaba ɗaya ya amsa masa: "An tabbatar!"

Sati uku Bayyumi ya kulle tantabarun don su saba da sabon gida, sannan ya sake su. Talatin da tara suka yi shawagi suka sauka inda ake ba su hatsi. Sultana ta tsallaka titi ta sauka a tsohuwar hasumiyarta, inda Ustaz yake zaune yana kankare busasshen kashin tsuntsaye da katin Subhi Gazal. Ya ce ba abin da ya kai shi iya wannan aikin, saboda kaurin ledar.

Ummu Tamir ta ce ya ɓoye ta, wa zai sani. Ni ma na ce ya ɓoye ta. Bayyumi kansa, da ya ga yadda mutumin ya rame, ya aiko cewa ya bar masa ita. Ustaz ya mayar da ɗan saƙon. Wai takarda mai hatimi ba a warware ta da baki, kuma hatimin nasa ne.

Don haka kowace yamma, tun rana ba ta faɗi ba, Bayyumi ya saki tsuntsaye, Sultana ta gudo, Ustaz Fikri ya sa kwat ɗinsa ya sauko da ita a ƙirji, ya wuce ta gaban gidan shayi. Kwanakin farko ana yi masa tafi da fito. Yanzu an daina, masu dara ma sukan sunkuyar da kai su bar shi ya wuce. Ni kuwa da nake cewa ba zan taɓa jin tausayin mutumin nan ba, ga shi ina ji. Yana tafe yana shafa jan wuyanta, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

Faɗin titinmu taku goma sha biyu ne. Jiya na duba agogo, minti ashirin ya yi kafin ya tsallaka.